Mai Usur: Tarihin Kocin Ƙwallon Makaranta a Kano

Da an sallame sallar la'asar a Ƙauyen Alu, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko Unguwa Uku, duk inda filin makaranta ya tsira shaguna ba su cinye shi ba, akwai mutum ɗaya da yake riga kowa isa. Yana saɓe da buhu, a ciki ƙwallaye biyu ko uku, ɗaya ta sha ɗinki, sai 'yan rigunan gwanjo masu launi ɗaya, usur kuma na rataye a wuya. Yara ba sa kiran sunansa, Koci kawai suke cewa. Da safe wataƙila tela ne, ko direban adaidaita-sahu, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, ba kuma mai biyansa, amma ranar da yaro ya karye a fili, ƙofar gidansa za a fara yi wa sallama.

Aikin nan ba a unguwa aka haife shi ba. Ɗan makaranta ne, makarantar ma ta kwana. Wasan ƙwallo mafi daɗewa da aka rubuta labarinsa a ƙasar nan a Kalaba aka yi shi a 1904, tsakanin 'yan makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Arewa kuwa ta ƙofa biyu tamaula ta shigo mata. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe daga Kudu, suka sauka a Sabon Gari da ƙwallonsu. Ɗaya ƙofar ita ce boko: makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa a 1909, Kwalejin Katsina a 1921, sai Midil ta Kano a 1927, wadda yau muke kira Kwalejin Rumfa.

Turawan da suka koyar a Katsina sun taso ne a makarantun kwana na Ingila, inda aka yi imani cewa abin da aji ya kasa gyarawa a halin yaro filin wasa zai gyara. Saboda haka wasannin yamma dole ne, kamar darasin lissafi. Ana kurket, ana ƙwallon ƙafa, ana kuma wannan wasa na buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a kai tun yana ɗalibi a can tsakanin 1926 da 1931, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Da kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa, da wannan al'ada ta tafi. Ɗalibanta da suka fita koyarwa a midil-midil na larduna su suka yaɗa ta.

A zamanin ba a san kalmar koci ba. Malamin da ya koyar da tarihi ko labarin ƙasa da safe shi zai sa gajeren wando da yamma ya zama malamin wasanni. Shi ke tsara gasa tsakanin gidajen kwanan ɗalibai, shi ke zaɓen kyaftin, shi ke zana fili da farar ƙasa ko toka, shi ke alƙalanci, shi kuma ke raka yara a bayan akori-kura idan za a kara da wata makaranta. Iliminsa na dabarun wasa ba lallai ya taka kara ya karya ba. Amma yana da abubuwa uku da suka sa aikinsa ya tsayu. Yana da lokaci, don yaran a hannunsa suke kwana suke tashi. Yana da albashi, don malami ne. Yana kuma da iko: ya san wanda ya faɗi jarrabawa, yana iya cewa ba za ka taɓa ƙwallo ba sai makinka ya gyaru, shugaban makaranta kuma ya mara masa baya. A bayansa akwai ɗakin cin abinci, akwai ɗakin shan magani, akwai rajistar da ta nuna shekarar da kowane yaro ya shigo aji ɗaya. A riƙe zancen rajistar nan, za mu dawo mata.

Daga irin waɗannan makarantu da kuma kamfanoni aka riƙa samun 'yan wasan birane. An fara Kofin Gwamna a 1945, a 1953 kuma 'yan Kano suka ɗauko shi bayan sun doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1. Bayan samun mulkin kai sai ƙwallon makarantu ta kai ƙololuwa. Ana zaɓen gwanayen sakandare na kowace jiha su kara, a tace na ƙasa daga cikinsu su fuskanci takwarorinsu na Ghana, mutane kuma su cika fili don kallon 'yan makaranta. Kwalejojin horon malamai na ba da gudummawar da ba a cika tunawa da ita ba: duk malamin da ya fito daga cikinsu ya taɓa darasin motsa jiki, don haka ko a firamaren ƙauye ba a rasa wanda ya san faɗin raga da dokar satar gida. Jami'o'i suka fara wasanninsu na NUGA a Ibadan a 1966, aka buɗe bikin wasanni na ƙasa a Legas a 1973, aka kafa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Surulere a 1974 don a riƙa horar da masu horarwa a ba su takarda. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta cinye gasar ƙasa baki ɗaya.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba, ba kuma wanda ya zauna ya ce a kashe ƙwallon makaranta. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya. Makarantun kwana da yawa suka koma jeka-ka-dawo, wasu aka raba su 'yan safe da 'yan yamma, kwalejojin horon malamai kuma aka yi ta rufe su ko a mai da su sakandare. Malamin wasanni ya wayi gari yammacin da yake aiki da shi ya suɓuce: ƙarfe biyu yara sun watse, shi ma ya hau babur ya tafi neman abin da zai cike giɓin albashi. Birni kuma yana ta cin ƙauyukan da ke gefensa. Sunan Ƙauyen Alu kaɗai ya isa shaida, ga shi yau mazaɓa ce a tsakiyar ƙaramar hukumar Tarauni, kafaɗa da kafaɗa da Daurawa da Darmanawa da Babban Giji da Unguwar Gano. Gonakin da yara ke kafa duwatsu biyu su ce raga suka zama fulotai. Filin makarantar gwamnati ya zama shi kaɗai ne sarari a unguwa, shi ma ana yi masa yankan ƙauna ta gefen katanga.

A wannan giɓi kocin unguwa ya tsiro. Sau da yawa tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta ci amanarsa, ko wanda ya kai bakin ƙofar babbar ƙungiya bai shiga ba. Ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ta ba irinsu dandali, musamman da Kofin Ramat da ake yi a Kano duk shekara don tunawa da Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976. Sai ga 1985: yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 16, ƙarƙashin Sebastian Brodrick, suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a China suka ɗauko kofin duniya. Daga ranar ƙwallon yara ta daina zama wasan banza zalla a idon mutane. Ta zama hanya, ko da yake siririya ce.

A 1990 aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka samar da Kano Pillars, aka kuma samu wani sabon nau'in koci, mai kwantiragi da albashi da mataimaka. Kadiri Ikhana ya kawo wa Masu Gida kofin gasar ƙasa na farko a 2008. A shekarar da ta biyo suka fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin Afirka, bayan canjaras 2 da 2 a Alƙahira, suka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da su. Muhammad Babaganaru ya ɗauki kofin gasar ƙasa a 2012 da 2013, Okey Emordi a 2014, Ibrahim Musa ya ɗauko kofin ƙalubale a Kaduna a 2019. A 2022 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, ta dawo a 2023. Wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ya san kocin Pillars ba shi kaɗai ke horarwa ba, yana da abokan aiki dubbai a kan benaye, kowa ya fi shi sanin wanda ya kamata a cire. Idan aka yi rashin nasara uku a jere, jakarsa ce a bakin ƙofa. Amma wannan koci, duk da zafin kujerarsa, dafaffe ake kawo masa. Ba shi ya koya wa Rabi'u Ali tsayar da ƙwallo ba, ba shi ya roƙi mahaifin Sani Kaita ya bar shi ya yi wasa ba. Wani ne can baya ya yi wannan wahala.

To mene ne ainihin aikin wancan na baya? Wanda bai sani ba zai zaci tsara 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya uku ne. Wannan shi ne mafi sauƙi, yaran ma sun haddace shi a gidan kallo. Aikin na farawa ne a zaure. Koci zai cire takalmi, ya durƙusa ya gaida mahaifin yaro, a yi ta gajiya da iyali, kafin ya kawo abin da ke tafe da shi.

"Baba, dama kan maganar yaron nan ne. Allah ya ba shi ƙafa."

"Malam, ƙafa ba ta ciyar da gida. Islamiyyarsa fa? Shagon yayansa fa?"

"In ya yi fashin Islamiyya ko sau ɗaya, Baba, ni da kaina zan kore shi. Kafin a kira magariba kuma yana gida, in sha Allahu."

"To, amana na ba ka. In na ji an gan shi da 'yan shaye-shaye, kai zan tambaya."

Da wannan kalma ta amana kocin ya ɗauki duk nauyin tsohon malamin wasanni, ba tare da ko ɗaya daga abubuwa ukun nan ba. Lokacinsa ɗan tsakanin la'asar da magariba ne, shi ma sai ya raba da Islamiyya, shi ya sa atisaye mai ƙarfi ya fi yiwuwa Alhamis da Juma'a da ba a zuwa, ko da sassafe bayan asuba. Azumi ya zo, a sauya tsari, a koma dab da shan ruwa ko bayan asham. Ikonsa bai wuce benci ba: in ya hukunta yaro, gobe ya gan shi sanye da rigar ƙungiyar unguwar gaba. Kuɗi kuwa karo-karo ne, sai ɗan abin da wani mai hali ko ɗan takara ya miƙo, na ɗan takarar ma da hotonsa a ƙirjin riga.

Sai rauni. Yaro ya faɗi yana riƙe da ƙauri, dole koci ya bambance targaɗe da tsagewar ƙashi da ido da hannu kawai, ya kuma yanke shawara nan take: mai ɗori ko asibitin ƙashi na Dala? Iyaye sukan fi son mai ɗori don sauƙin kuɗi da sabo. Kocin da ya san aikinsa ya san cewa karayar da ta shafi gaɓa, in aka ɗaure ta ba hoto, yaron zai yi tafiya amma ya gama ƙwallo. Sau da yawa kuɗin hoton daga aljihunsa zai fita. Tafiya ma nauyi ce. Ko Pillars da gatanta, 'yan fashi sun buɗe wa motarta wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja a watan Maris na 2015, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo Muhammad. Ina ga mai yara goma sha takwas a bas ɗin haya?

Amma inda ake gane koci na gari da na banza shi ne wajen shekaru. A gasar makarantu an daɗe ana shigo da sojan haya, ƙato mai gemu a aske shi a ɗinka masa rigar makaranta. A gasar 'yan ƙasa da 16 kuma sai ka ga wanda ya yi shekara biyar yana ɗan sha biyar. Na taɓa tsayawa a gefen fili ina kallon wasan ƙarshe na wata gasar yara, wani ɗan kallo ya nuna mai tsaron ragar ɗaya ƙungiyar ya rantse cewa ya ci shinkafar sunan 'yarsa. Aka yi dariya, aka ci gaba da wasa, ƙungiyar ta ɗauki kofi. Yaran gaskiya da aka doke ran nan su suka biya kuɗin wannan dariya, don mai neman 'yan wasa da ya zo kallo ƙaton ya gani, bai ga su ba. Tun 2009 FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance 'yan ƙasa da 17, an kuma sha sallamar yara da yawa daga sansanin Najeriya saboda shi. Duk da haka Manu Garba ya ci kofin duniya a 2013 da ɗan Kano, Musa Muhammad, a matsayin kyaftin, abin da ya nuna ana iya yi ba tare da ha'inci ba. Kocin unguwa ba shi da na'urar hoto. Shi dai ya san shekarar da aka yi sunan kowane yaro, don a gabansa aka yi. Ko ya faɗi gaskiya ko ya rufe baki, tsakaninsa da Allah ne.

Kwaɗayi kuma bai bar manya ba balle ƙanana. A 2018 aka nuna hoton bidiyon da ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya ɗauka a ɓoye, inda Salisu Yusuf, wanda ya taɓa horar da Pillars kuma yake cikin masu horar da Super Eagles, ya karɓi dala 1,000 daga wasu da suka zo a matsayin dillalan 'yan wasa. Shi ya ce kyauta ce, ba ta sauya zaɓensa ba. Hukumar ƙwallon ƙasa ta dakatar da shi shekara ɗaya. Abin da ya faru a otal ana yin ƙaraminsa kullum a gefen fili: uba mai hali da ke son a sa ɗansa, dillalin da ke yi wa yaro alkawarin Turai in an sayar da fili an kawo kuɗin biza.

A nan mutum kan tuna da Amurka, inda kalmar kocin kwaleji ke nufin wani abu dabam. Ƙwallon tasu ma ba irin tamu ba ce, ta runguma ce da ture-ture, an fara ta tsakanin jami'o'in Rutgers da Princeton a 1869. A can jami'a ita ce matakalar zuwa ƙwararru. Filin Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 100,000. Nick Saban, wanda ya ci kofin ƙasa sau shida da Alabama, sau ɗaya da LSU, yana karɓar sama da dala miliyan 11 a shekara kafin ya ajiye aiki a Janairun 2024, kuma a jihohi da dama kocin jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. Sai dai in ka cire kuɗin, za ka sha mamakin kamannin aikin. Shi ma yawo yake gida-gida yana zama da iyaye yana alkawarin zai riƙe musu ɗa. Shi ma dole ya sa ido kan makin ɗalibi, don dokar hukumarsu ta NCAA ba ta barin wanda ya gaza a aji ya shiga fili. Wato irin abin da Kwalejin Katsina ta fara a nan, su sun riƙe nasu sun mai da shi kasuwa. Ban ce a kwaikwayi kasuwar ba, don su ma sai a 2021 suka yarda ɗalibin da ake tara dukiya da guminsa ya ci kuɗin tallan sunansa.

Namu manyan makarantun ba su mutu ba. Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da kwalejojin ilimi suna yaye malaman motsa jiki, suna da ƙungiyoyi, an kuma fara gasar ƙwallo ta manyan makarantu, HiFL, a 2018. Amma kocin jami'a a nan ma'aikacin sashen wasanni ne, ƙungiyarsa na taruwa ne in gasa ta matso, kalandarsa kuma a hannun yajin aiki take: wata tara a 2020, wata takwas a 2022. Ɗalibin da ya shigo jami'a yana da shekara 19 ko 20, in dai ƙwallo zai ci, ya riga ya makara. Ahmed Musa ya zo Pillars daga Jos, yana ɗan 17 ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010. Cibiyar wasannin da ya gina daga baya tana nan Hotoro, ba nisa da Tarauni.

Yanzu sai rajista. Dokar FIFA ta hana sayar da yaro ƙetare kafin ya cika 18, sai a 'yan wurare da ta keɓe. Ta kuma ce duk sanda aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tun yana 12 har 23, a raba gwargwadon shekarun da ya yi a kowace. In aka sayar da yaro yuro miliyan 10, rabin miliyan ke nan na masu reno. Tun Nuwamban 2022 ma wani ofishi na FIFA a Faris ke tattara kuɗin ya aika da kansa. Sharaɗin ɗaya ne: sunan ƙungiya ya fito a takardar tarihin ɗan wasan, wato ta yi rajista da hukumar ƙwallo, ta kuma yi wa yaron rajista a shekarun da yake hannunta. Tsohon malamin wasanni yana da rajista amma a zamaninsa ba a sayar da kowa. Kocin Ƙauyen Alu yana da yaran da ake saye, rajistarsa kuwa littafin rubutu ne mai shafi 40 da ke cikin buhun ƙwallaye, an rubuta sunaye da biro, gaban kowanne an sa naira nawa ya kawo na karo-karon sati. Ranar da wata makarantar ƙwallo ta Abuja ko Legas ta ɗauke yaron yana ɗan 16, daga nan takardarsa ke farawa, shekaru huɗun da ya yi a filin firamare ba su a ciki. In yaron ɗan halak ne, yakan aiko da takalma da riguna, wani ma har kujerar Makka.